Jak Ba Abin Dogara Ba Ne: Jan Kunne Ga Masu Gyaran Mota A Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin ma'aikata a Zariya, ko Kano, ko Sakkwato da hantsin ranar Asabar, da wuya ya rasa ganin wani magidanci kwance a ƙarƙashin motarsa, ƙafafuwansa kaɗai ke waje, yana juyen baƙin mai ko yana ɗaure salansa. Tsadar kayan gyara da ta ladan aiki ta sa mutane da dama sun koma yi wa motocinsu ƙananan gyare-gyare da kansu. Wannan kuwa abin yabo ne, domin mutumin da ya san cikin motarsa ya fi iya tattalinta. Abin da ke tayar da hankali shi ne abin da ke riƙe da motar a daidai wannan lokaci. Galibi jak ne ƙwaya ɗaya tilo, an kafa shi a kan ƙasa, in an yi ƙoƙari a jingina bulo ɗaya ko biyu a gefe.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa aikin jak shi ne ɗaga mota, kuma da zarar ta ɗagu aikinsa ya ƙare. Riƙe ta a sama aikin matokari ne, wato ƙarfen nan mai ƙafa uku ko huɗu da ake girkewa a ƙarƙashin mota bayan an ɗaga ta. Saboda haka babu wani uzuri, na sauri ne ko na tsimin kuɗi, da zai halatta wa mutum ya cusa jikinsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita, ko da na minti ɗaya ne. Hujjojin wannan ra'ayi suna cikin ƙirar shi kansa jak ɗin, da kuma cikin halittar jikin ɗan Adam.

Yadda jak ke aiki

Jak iri biyu aka fi sani. Na farko shi ne mai siffar almakashi, wanda ke zuwa tare da mota a cikin but. Dogon ƙarfe ne mai zare irin na noti, idan aka murɗa shi sai hannuwan jak ɗin su tsuke, kansa ya yi sama. An ƙera shi ne domin aiki guda ɗaya, wato canza taya a bakin hanya, inda mutum ke tsugune a gefen mota babu wata gaɓa tasa a ƙarƙashinta. Gindinsa bai fi tafin hannu ba da yawa, kuma yana ƙara tsawo yana ƙara saurin kifewa, kamar mutumin da ya tsaya da ƙafa ɗaya bisa turmi.

Na biyu shi ne mai aiki da mai, ko dai mai siffar kwalba ko mai 'yan tayoyi da dogon hannu. Asalinsa yana komawa ga binciken masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662. Shi ne ya bayyana cewa idan aka matsa ruwan da ke kulle cikin mazubi, matsin yakan watsu daidai wa daida zuwa kowane ɓangare. A shekarar 1795 wani Baturen Ingila mai suna Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsa kaya bisa wannan ƙa'ida, sannan a 1851 Richard Dudgeon ya ƙera jak mai mai wanda ake iya ɗauka a hannu a birnin New York.

Lissafin ba shi da wuya. Alal misali, a ɗauka faɗin babban fistin ya ninka na ƙarami sau 20, hannun jak ɗin kuma yana ninka ƙarfin mai bugawa sau 10. Idan mutum ya danna da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 10, abin da zai fito a kan jak ɗin shi ne 10 sau 10 sau 20, wato kilo 2,000. Da haka ne yaro ɗan firamare zai iya ɗaga gaban mota da hannu ɗaya.

To amma a nan gizo ke saƙar. Duk wannan nauyi a kan mai yake zaune, kuma abin da ke hana man komawa inda ya fito bai wuce wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke toshe ƙofa ba, da 'yan zobban roba da ke kewaye da fistin. Roba takan bushe ta tsage saboda zafi da daɗewa. Ƙwayar yashi ɗaya, daga cikin ƙurar da hunturu ke kawowa, tana iya hana ƙwallon zama daram. Wani lokaci jak ɗin yakan sauka a hankali ba tare da ƙara ba, wani lokaci kuma a take. Ko da babu abin da ya lalace a cikinsa, yaron gida yana iya murɗa makunnin saukewa da wasa. Ke nan wanda ya kwanta ƙarƙashin irin wannan jak ya damƙa ransa ne a hannun zoben roba da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Matokari kuwa ba shi da mai, ba shi da roba. Ƙarfe ne ke zaune a kan ƙarfe, da sakata ko haƙori mai kulle shi, ga kuma faffaɗan gindi. Ƙarancin abubuwan da za su iya lalacewa a jikinsa shi ne dukan darajarsa.

Abin da nauyin mota ke yi wa jiki

Fijo 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, nauyinta ya kai wajen kilo 1,200. Toyota Corolla ta wannan zamani ta ɗan ɗara haka, Hilux kuwa tana kaiwa kilo 2,000, wato nauyin buhun siminti 40. A motocin da injinsu ke gaba, fiye da rabin nauyin a kan tayoyin gaba yake, kuma nan ne mai juyen mai ke sa ƙirjinsa. Tazarar da ke tsakanin cikin ƙaramar mota da ƙasa takan kama daga santimita 13 zuwa 17, alhali kaurin ƙirjin baligi daga gaba zuwa baya yakan kai 20 ko fiye. Ma'ana, ko da dukan tayoyin suna jikinta, motar da ta faɗo za ta sami ƙirjin mutum kafin ta gama zama. Idan kuwa an cire taya, ba a magana.

Ƙirjin ɗan Adam keji ne na haƙarƙari 24, goma sha biyu a kowane gefe, an halicce shi domin ya riƙa buɗewa yana tsukewa. Baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A kowane shaƙa, tantanin tsokar da ya raba ƙirji da ciki yakan yi ƙasa, haƙarƙari su buɗe, iska ta kwararo cikin huhu. Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. In ƙirji bai buɗe ba, babu numfashi. Lokacin da nauyi ya danne ƙirji, duk sanda mutum ya fitar da iska sai nauyin ya ƙara zama, shaƙa ta gaba kuma ta gagara. Ba sai ƙashi ya karye ba kafin a halaka.

Haka kuma matsin yakan tura jini baya ta manyan jijiyoyin da ke dawo da shi zuciya, ya taru a wuya da kai, har fuska ta kumbura ta yi duhu, fararen idanu su rine da jini. Wani likitan Faransa, Ollivier d'Angers, ya siffanta wannan yanayi tun 1837 a gawawwakin mutanen da turmutsitsi ya danne a birnin Faris. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 da yankewar iskar.

Akwai wani abu da mutane ba su cika tunawa ba. Murya iska ce da ke fitowa daga huhu ta kaɗa tantanin maƙogwaro. Wanda ƙirjinsa ke danne ba ya iya ihu. Yana yiwuwa iyalinsa na tsakar gida suna hira, tsakaninsu da shi bango ɗaya, ba wanda ya ji komai.

Ko da ƙafa ko cinya motar ta danne, haɗarin bai ƙare da ɗage ta ba. Tsokar da ta daɗe a matse, kamar awa ɗaya ko fiye, takan fara mutuwa. Da zarar an ɗage nauyin jini ya koma gudana, sai ya kwaso abubuwan da suka tsiyayo daga matattun ƙwayoyin tsoka. Daga ciki akwai sinadarin fotashiyam, wanda yawansa ke rikita bugun zuciya, da wani furotin mai suna mayogulobin, wanda ke toshe ƙananan magudanan ƙoda. Likitoci biyu, Eric Bywaters da Desmond Beall, sun bayyana wannan a 1941, bayan sun lura da mutum huɗu da aka zaƙulo daga ɓaraguzan gine-ginen da jiragen Jamus suka rusa a Landan. An fito da su da alamun sauƙi, amma daga baya ƙodarsu ta daina aiki suka rasu.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Hukumar NHTSA, mai kula da amincin ababen hawa a Amurka, ta ƙiyasta a wani rahoto na 1998 cewa cikin shekara guda kimanin mutum 4,800 aka kai sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunin da ya shafi jak, kuma akasarinsu motar ce ta zame ta faɗo musu. Wannan fa a ƙasar da galibin gareji ke da daɓen siminti, motar asibiti kuma na zuwa da an kira.

Uzurorin da akan kawo

Uzuri na farko shi ne na sabo. Sai a ji mutum ya ce shekararsa 20 yana shiga ƙarƙashin mota a kan jak, ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Gaskiya ne jak ba ya faɗuwa kullum, kuma wannan ne ya sa ya zama tarko. Tsira sau ɗari ba ta rage haɗarin na ɗari da ɗaya da komai ba, sai ma ƙara shi, tun da robar ta ƙara tsufa, mai aikin kuma ya ƙara sakin jiki. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa. Waɗanda abin ya rutsa da su ba sa nan balle su ba da nasu labarin, shi ya sa ake jin muryar waɗanda suka tsira kawai.

Na biyu shi ne na bulo da dutse. Bulon siminti yana da ƙarfi a cikin gini, inda nauyi ke bazuwa a kan dukan fuskarsa. Amma rabinsa rami ne, kuma idan kaifin ƙarfen mota ya tattara kilo 400 a wuri ɗaya, sai ya dare. Siminti ba ya lanƙwasa, ba ya yin ƙara kafin ya fashe. Dutse kuwa ba shi da shimfiɗaɗɗiyar fuska, yana iya juyawa. Wanda bai sami matokarin ƙarfe ba, abin da ya fi kusa da shi shi ne gumagumai na katako mai tauri, masu kauri da faɗi, marasa tsaga, a jera su biyu a tsaye biyu a gicciye. Irin wannan jeri masu aikin ceto ke yi, saboda katako yakan lotsa ya yi ƙara kafin ya karye, ya ba mutum damar fita.

Na uku shi ne na kuɗi, kuma wannan uzuri ne da ya cancanci a saurare shi, domin halin da ake ciki ba ɓoyayye ba ne. Amma a auna. Matokarai biyu sau ɗaya ake sayensu, su yi shekaru da dama, ba sa shan mai, ba sa bukatar gyara. Maƙwabta uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su saya su riƙa ara wa juna. A ɗaya gefen sikelin kuma akwai kuɗin wankin ƙoda, ko gidan da zai rasa mai ciyar da shi. Wanda ya shiga gyara da kansa domin ya yi tsimi, sannan ya ƙi sayen abin da zai kare ransa, ya yi tsimin da ya fi almubazzaranci tsada. Idan kuma babu hali ko kaɗan, gara ya kai motar garejin da ke da rami.

Na huɗu shi ne cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ai kuwa mai faɗin haka yakan kulle ƙofarsa da dare, yakan kuma duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi. Abin da aka san sanadinsa, aka san maganinsa, aka ƙi yi, sunansa ganganci.

Shi ma matokarin ba a sakar masa jiki

Adalci ne a faɗi cewa matokari ma yana iya cin amana. A shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai fiye da miliyan 1.7 daga kasuwa, saboda haƙorin da ke kulle su yana iya zamewa idan nauyi ya motsa. Bayan 'yan makonni, wasu daga cikin waɗanda aka bayar a madadinsu su ma aka janye su saboda matsalar walda. Idan haka ta faru da kayan masana'anta, to wanda mai walda ya haɗa a bakin kasuwa da guntayen bututu, ba tare da an gwada nauyin da zai ɗauka ba, ya fi bukatar a yi hattara da shi.

Darasin da ke nan sananne ne ga duk ɗalibin ilmin halittu. Jiki yana da ƙoda biyu, da huhu biyu, kuma mutum na iya rayuwa da ƙoda ɗaya idan ɗayar ta gaza. Haka ya kamata mai gyara ya tsara aikinsa: kada ransa ya rataya a kan abu ɗaya. Ya kamata kuma a sani cewa nauyin da ake rubutawa a jikin matokari, kamar tan 2 ko tan 3, galibi na guda biyu ne a haɗe.

Yadda ya kamata a yi

Da farko a zaɓi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, daɓen siminti ya fi. Raƙumi yana tafiya a kan rairayi ba ya nutsewa saboda faɗin tafin ƙafarsa yana baza nauyinsa. Ƙafafun matokari sirara ne, sukan nutse a ƙasa mai laushi, ko wadda ruwan damina ya jiƙa, ko kwaltar da zafin bazara ya tausasa, kuma da ƙafa ɗaya ta nutse sai motar ta karkata. In dole ne a yi aiki a irin wannan wuri, a shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashi. A kan gangara kuwa kada a soma.

Na biyu, a kashe injin, a fitar da kowa daga motar, a ja birkin hannu, a sa giya ɗaya, ko alamar P a motar da ke canza giya da kanta. Sannan a sa waigi gaba da baya a tayoyin da za su zauna a ƙasa. Waigin wajibi ne, domin a yawancin motoci tayoyin baya kaɗai birkin hannu ke kamawa, da an ɗaga baya ya tashi daga aiki. Giya ma ba ta riƙe mota sosai idan ɗaya daga tayoyin da injin ke juyawa ta bar ƙasa.

Na uku, idan za a cire taya, a sassauta notocinta tun motar na ƙasa. Kokawa da noti mai tauri bayan an ɗaga mota na daga cikin abubuwan da ke tunkuɗe ta daga kan jak.

Na huɗu, a sa jak a wurin da masu ƙera motar suka tanada. Littafin motar yana nuna wuraren, kuma a ƙananan motoci akan ga 'yan tsagu biyu a ƙarfen da ke ƙasan ƙofa. Kada a sa shi a tukunyar baƙin mai, ko tankin fetur, ko salansa, ko inda tsatsa ta ci. Jak mai tayoyi yakan matsa gaba kaɗan yayin da yake ɗagawa. Idan tsakuwa ta tare tayoyinsa, sai ya jawo motar maimakon ya bi ta.

Na biyar, a girka matokarai biyu, hagu da dama, tsawonsu ɗaya, a ƙarƙashin ƙarfe mai ƙarfi, a tabbata sakatarsu ta shiga. A sauke motar a kansu sannu a hankali har nauyin ya bar jak. Daga nan a maido da jak ɗin ya ɗan taɓa motar, a kuma tura tayar da aka cire, ko safaya, a kwance ƙarƙashin gefen motar. Waɗannan su ne ƙoda ta biyu.

Na shida, kafin a shiga, a tsaya a gefe a girgiza motar da hannu biyu. In za ta faɗi, gara ta faɗi babu kowa a ƙarƙashinta.

Na bakwai, kada mutum ya yi wannan aiki shi kaɗai. A sami baligi a kusa wanda idonsa ke kan motar kuma ya san yadda ake buga jak, a kuma nisantar da yara. Idan an gama, a ɗaga motar kaɗan, a zare matokaran, a sauke ta, sannan a ƙarasa ɗaure notocin taya, ana tsallake ɗaya zuwa na daura da shi.

In kuwa tsautsayin ya auku, kada a ja mutum ta ƙafa alhali nauyi na kansa. A ɗaga motar da jak cikin gaggawa, ana cusa katako yayin da take tashi don kada ta sake faɗowa, a kuma aika neman taimako. A fito da shi ba tare da lanƙwasa wuyansa ko bayansa ba. A kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a gaya wa likita tsawon lokacin da ya yi a danne. Fitsari mai launin baƙin shayi, ko ƙarancin fitsari, alama ce ta cewa ƙoda na cikin haɗari.

Kammalawa

Nauyin wannan al'amari bai tsaya a kan magidanta kaɗai ba. Yaran da ke koyon kanikanci, waɗanda su aka fi turawa ƙarƙashin mota, abin da suka ga maigidansu na yi shi za su ɗauka har tsufansu, don haka shugabannin ƙungiyoyin kanikawa na da rawar takawa. Makarantun koyon tuƙi suna koyar da giya da birki, ya kamata su ƙara da awa ɗaya ta koyar da ɗaga mota. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta saba tambayar direbobi safaya da abin kashe gobara. Babu laifi idan ta sa wannan batu cikin shirye-shiryenta na wayar da kai a rediyo da tashoshin mota. Hukumar kula da ingancin kayayyaki kuma ta sa ido a kan jak da matokaran da ake shigowa da su. Kwalejojin fasaha da sassan injiniya na jami'o'i suna iya fitar da zanen matokari mai sauƙin kuɗi, su gwada ƙarfinsa, su koya wa masu walda na gari yadda za su ƙera shi.

Kafin duk wannan ya tabbata, shawara tana hannun mai mota. Girka matokarai da sa waigi ba za su ci masa minti 5 ba, kusan daidai da lokacin da ƙwaƙwalwa ke iya jure rashin iska. In kunne ya ji, jiki ya tsira.